TAKIN SUFA: AJIYAR DA MANOMI YA KE YI CIKIN ƘASA

Jawabin malamin gona ga manoman auduga

   

Ni yaro ne a cikinku, ba ni ne zan koya muku riƙon fartanya ba. Magana guda ce ta kawo ni, a kan takin nan mai ruwan toka wanda mu ke kira sufa. Zance iri biyu ya ke yawo a kansa a kasuwa da bakin masallaci. Waɗansu suna cewa asarar kuɗi ne, don sun zuba ba su ga ganye ya yi kore shar kamar na yuriya ba. Waɗansu kuwa suna cewa takin zamani kashe ƙasa ya ke yi, wai in ka saba wa gona da shi, ran da ka daina ba za ta ƙara haifar kome ba. Kowane ɗaya daga cikin zantukan nan ya sa wani ya sayar da buhunsa a bakin hanya, ko ya ƙi karɓa sam. To, amsarsu duka biyu tana wuri ɗaya, watau abin da sufa ya ke yi cikin ƙasa bayan shekara uku, da biyar, da ashirin. Shi zan bayyana muku.

ABIN DA KE CIKIN BUHUN

Abincin shuka manya guda uku ne. Akwai naitirojin mai sa ganye, shi ne a cikin yuriya. Akwai fotash, irin wanda ke cikin toka. Sa'an nan akwai fosfet, shi ne a cikin sufa. Fosfet shi ne abin da ke cikin ƙashin dabba da na mutum. Wani Bature manomi a Ingila, sunansa John Bennet Lawes, shi ya sami izinin yin sufa a shekarar 1842, yana jiƙa ƙasusuwa da ruwan batir don su narke shuka ta iya ci. Yanzu daga dutse a ke yinsa. Fiye da rabin dutsen fosfet na duniya a Maroko ya ke. Akwai shi a Togo, akwai a Tawa ta Nijar, akwai kuma a ƙasar Sakkwato. A shekarar 1976 aka fara yin sufa a masana'antar gwamnati a Kaduna.

Ku riƙa duba lambobin da ke jikin buhu. Lamba uku ce, ta tsakiya ita ce ta fosfet. Buhun kamfa mai kilo 50 wanda aka rubuta wa 15-15-15, fosfet ɗin cikinsa kilo 7 da rabi ne. Mai 20-10-10, kilo 5 ne. Buhun sufa yana da wajen kilo 9, ga kuma farar wuta wajen kilo 6, wadda auduga da gyaɗa su ke bukata ƙwarai. Buhun yuriya kuwa ba shi da fosfet ko ƙwaya ɗaya. Wanda ya shekara biyar yana zuba yuriya kaɗai, bai mayar wa gonarsa da fosfet ba ko cikin cokali.

AIKINSA A JIKIN AUDUGA

Fosfet abincin saiwa ne da fure da ƙwaya. Auduga in ta same shi tun tana jaririya, saiwarta ta kan nutsa da wuri, ta yi fure a kan kari, ƙwallo ya ƙosa kafin ruwa ya ɗauke. In ta rasa shi sai ta tsugune, kara siriri, ganye ƙanana masu duhu, fure ya makara, har hunturu ya tarar da ƙwallon bai nuna ba. A jikin masara ya fi saurin ganuwa, don ganyen ƙaramar masara ya kan yi ja-ja kamar an shafa masa jar kanwa.

Ƙasarmu ta Arewa, tun daga Zariya da Funtuwa da Malumfashi da Gusau har zuwa Maraɗi, asalinta ba ta da fosfet da yawa. Kakanninmu sun rufa wa gona asiri da hutu. A noma shekara uku ko huɗu, a bar ta ta zama saura, Filani su kwana da shanu a kai. Yau jama'a ta yi yawa, gado ya rarrabu, wa ke da gonar da zai bari ta huta? Kowace kaka kuwa muna ɗibar fosfet muna kai wa kasuwa. Ku lura da wannan: farin kaɗa da a ke saƙa da shi bai ɗauki fosfet da yawa ba, a cikin gurya ya ke taruwa. Gurya kuwa ta tafi gidan gurza, daga nan a matse mai, ba ta komowa gonar da ta fito. Karan kuma tilas mu tumɓuke mu ƙone sabo da tsutsa. Ashe auduga ta kan ɗiba da yawa, ta mayar da kaɗan.

INA SAURAN YA KE TAFIYA?

Halin sufa dabam ne da na yuriya. Yuriya kamar gishiri ta ke cikin miya, nan da nan ta narke. Abin da shuka ba ta ci ba, ruwa ya nutse da shi ƙasa, ko iska ta ɗauke. Baɗi sai ka sake saye. Sufa kuwa inda ka ajiye shi nan ya ke zama. Tafiyarsa cikin ƙasa a damina guda ba ta wuce faɗin yatsa biyu ko uku ba. Ƙasa ta kan kama shi ta riƙe, sa'an nan ta riƙa sakinsa kaɗan kaɗan.

A damina ta fari, shuka ba ta cin fiye da kashi ɗaya cikin biyar na fosfet ɗin da aka zuba, sau da yawa ma ba ta kai haka ba. Mu yi lissafi. Ka zuba buhun sufa guda a eka, watau fosfet kilo 9. Audugar bana ta ci wajen kilo 2. Saura kilo 7 suna nan cikin kunya. Dawar da za ka shuka baɗi za ta ci daga ciki. Gyaɗa ko waken baɗin baɗaɗa su ma za su samu. In kana ƙarawa kowace shekara, ajiyar tana ta hauhawa, har ta kai lokacin da abin da za ka riƙa zubawa sai ɗan mayar da abin da amfanin gona ya ɗiba.

Don haka wanda ya auna amfanin sufa da awon audugar bana kaɗai, ya yi wa sufa rashin adalci. Kamar mutum ne ya sayi karsana, ya ce ya yi asara don ba ta ba shi nono ran da ya kawo ta gida ba.

GWAJIN SAMARU

Kada ku ce yaro ne ya zauna ya tsara zance. Gani ya kori ji. A Samaru ta Zariya akwai gidan binciken aikin gona tun 1922, wanda ya shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Daga can irin audugar da mu ke shukawa ya ke fitowa. A shekarar 1950 ma'aikatan wurin suka yanki fili suka raba shi fegi 81. Wani fegi suka sa masa kashin shanu kaɗai. Wani sufa kaɗai. Wani takin ganye kaɗai, wani fotash, wani suka haɗa biyu, wani uku, wani duka huɗu. Wani fegin kuwa suka hana shi kome. Suka yi ta noma filin shekara da shekaru, auduga da gyaɗa da hatsi, kowane fegi da irin abincinsa, suna auna amfani, suna auna ƙasa. Waɗanda suka fara aikin sun tsufa sun bari, na bayansu suka ɗora.

Ga abin da ƙasar ta nuna. Fegin da aka hana kome ya tsiyace. Fegin da a ke ba takin ganye kaɗai, wanda a shekarun farko salfa ce, ƙasarsa ta yi tsami, amfaninsa ya yi ta ja da baya. Fegin da a ke ba sufa, fosfet ya taru a ƙasarsa shekara bisa shekara. Amma wanda ya fi kowane riƙe ƙarfinsa shi ne fegin da aka haɗa wa kashin shanu da takin zamani. Can ne ƙasa ta tsare duhunta da laushinta, tsami bai ci ƙarfinta ba.

Mutanen Samaru sun ɗauki dabarar nan ne daga gonar Lawes ɗin da na ambata, wadda a ke kira Rothamsted. A can akwai wani fili da aka riƙa zuba wa waɗansu fegoginsa sufa daga 1856 zuwa 1901, sa'an nan aka daina ɗungum. Bayan shekara 50 da dainawa, sha'ir ɗin da aka shuka a fegogin da suka taɓa cin sufa ya fi na maƙwabtansu nesa ba kusa ba. Wanda ya zuba takin ya daɗe a kabari, ƙasa tana biyan jikokinsa. Ƙasarsu ba irin tamu ba ce, tana da sanyi da laka, kada mu sa rai da shekara 50 a jigawa. Amma halin fosfet ɗaya ne ko'ina.

Kusa da mu kuma, a Sadore, kudu da Yamai, ma'aikatan ICRISAT sun yi irin wannan gwaji da gero a kan rairayi tun cikin shekarun 1980. Suka tarar rashin fosfet shi ne babban abin da ya daƙushe geron, har ya kan riga ƙarancin ruwa. Suka kuma tarar inda aka bar kara ya ruɓe a gona aka haɗa da taki, gero ya fi na inda aka sa taki aka kwashe kara ƙaf. Samaru da Sadore, bakinsu ɗaya.

TO, YANA KASHE ƘASA?

Masu cewa takin zamani yana kashe ƙasa, ba ƙarya suka gani ba. Ruwa ba ya tsami banza. Sai dai an ɗora laifin a kan wanda ba shi ya yi ba. Ga yadda abin ya ke.

Gona ta gaji, tana ba da auduga kaɗan. Ka sa sufa da yuriya, amfani ya ninka. Amfanin da ya ninka kuwa, cinsa ma ya ninka. Yana cin fotash, yana cin waɗansu ƙananan abinci irin su boron da tutiya, waɗanda ba ka zuba ba. Ka kwashe kara ka yi danga, ka sayar da harawa, ba ka kai ko mangala ɗaya na taki ba. Bayan 'yan shekaru sai rumbun ƙasa ya ƙare ta wani gefen. Auduga ta fara zubar da fure da ƙananan ƙwallo, gefen ganye ya ƙone tun ruwa bai ɗauke ba. Sai a ce sufa ya kashe gona. Alhali sufa ya yi nasa aikin, abokan aikinsa ne babu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tsamin ƙasa kuma daga salfa da yuriya ya ke zuwa in an daɗe ana zuba su ba takin gida. Sufa ba ya cikin masu wannan laifi. Amma tsamin ya kan cuce shi, gama ƙasa mai tsami ta fi ƙanƙame fosfet ta hana shuka. Jangargari da ƙasa mai marmara, waɗanda ke da tama a jikinsu, su ma riƙonsu da ƙarfi ne. Kashin shanu da na awaki da juji da toka su ne ke sassauta wannan riƙo. Ashe takin gida shi ne mabuɗin rumbun da sufa ya cika.

Yawan ma ba kyau. Wanda ya yi ta tula sufa shekara da shekaru fiye da ƙima, ya ɓatar da kuɗinsa, kuma ya kan jawo wa masara rashin tutiya, sai ka ga ganyenta da ratsin fari. Amma mu a nan, cikin gona goma da ƙyar ka sami ɗaya mai wannan ciwo. Yunwa ce ta fi damunmu, ba ƙoshi ba.

ƁARAWON AJIYA

Tun da fosfet a ƙasar sama ya ke zaune, cikin taƙi guda daga bisa, babban ɓarawonsa shi ne zaizaya. Jan ruwan nan da ku ke gani yana fita daga gona bayan an yi ruwa mai ƙarfi, yana gangarawa rafi, ba ruwa kaɗai ba ne. Ƙasar sama ce, da sufan bara da na bana a cikinta. Wanda ya yi kunya ta miƙe bin gangare, ya gina wa kuɗinsa hanyar gudu. A yi kunya a gicciye, ta tare ruwa. Inda ya yiwu a ɗaure kwarin kunya nan da can don ruwa ya tsaya ya nutse. In kwazazzabo ya fara buɗe baki a gefen gona, a toshe shi da duwatsu da gamba tun yana ƙarami.

Iskar bazara ita ma ta kan share ƙasar sama a gonar da aka bari tsirara. Karan dawa da na gero da aka kwantar a gona suna tare ta. Karan auduga ne kaɗai ba a bari, sabo da tsutsa. Amma a ƙone shi cikin gonar, a baza tokar, kada a kai gida a yi girki tokar ta ƙare a bola.

MAGANAR GONAR ARO

Akwai wata magana mai nauyi, ina roƙon dattawa su saurara. Da yawa cikin samarinmu gonar aro ko ta haya su ke nomawa. Yaro ya ci bashi ya sayi sufa ya zuba, ya ci kashi ɗaya cikin biyar. Kaka ta yi, mai gona ya ga ƙasa ta farfaɗo, ya ce baɗi shi zai noma abinsa. Kashi huɗu sun zama nasa, yaro ya tafi da bashi. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba zai ƙara sa sufa a gonar wani ba. Yuriya zai riƙa zubawa ya tatse ƙasar ya tafi. Ƙarshenta mai gona ne zai karɓi fako.

Sabo da haka in za a ba da aro ko haya ga mai niyyar sa sufa da takin gida, a yanka shekaru, uku ko fiye, a gaban mai unguwa da shaidu. Mai aro ya ci wahalarsa, mai gona ya karɓi ƙasa wadda ta fi yadda ya bayar. Kowa ya samu, zumunci bai ɓaci ba.

YADDA ZA A YI

Ga abin da mu ke so kowane manomin auduga ya riƙe.

1. A sa sufa da wuri, lokacin huɗa ko ranar shuka. Auduga tana bukatarsa tun makonnin farko. Wanda ya bari sai an yi maimai, audugar bana ba za ta more shi sosai ba.

2. A binne shi. Tun da ba ya tafiya, tilas a kai shi inda saiwa za ta tarar da shi. A zuba a tsohon kwari a huɗe a kai, ko a yi rami gefen shuka, nisan yatsa huɗu, a zuba a rufe. Kada a bar shi a bisa ƙasa, kada kuma ya taɓa irin.

3. Wanda ba shi da halin buhu, kada ya ce ya fasa. A Nijar an gwada sa ɗan kaɗan a gindin kowace shuka ta gero, abin da bai wuce cikin murfin kwalba ba, aka ga bambanci a fili. Kaɗan a gindi ya fi mai yawa a watse. Sai dai wannan ciyar da shukar bana ce, ba ta tara ajiya mai yawa. In hali ya samu a ƙara.

4. A haɗa da takin gida kowace shekara, ko da gefe guda na gonar ne bana, baɗi wani gefen. Wanda ke ba shanunsa ƙulin gurya, kashinsu ya fi kyau, gama fosfet ɗin audugar ne ya komo ta wannan hanya.

5. A juya shuka. Bana auduga da sufanta, baɗi dawa ko masara, sa'an nan gyaɗa ko wake ko waken suya. Masu kanannaɗo irin su gyaɗa suna son fosfet ƙwarai, in sun same shi su kan tara wa ƙasa naitirojin ta ƙulle-ƙullen saiwarsu, wanda zai rage maka kuɗin yuriya.

6. A shuka auduga a kan kari, daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli, a yi noma, a yi feshi. Taki ba ya gyara audugar da aka makara da ita, ba ya kuma korar tsutsa. Ciyawa ma sufa ta ke ci in an bar ta.

7. Kada a sayar da buhun da aka karɓa don gona. Kuɗinsa kwana nawa zai yi a aljihu? A cikin ƙasa kuwa shekaru zai yi yana aiki.

Wanda ya ke shakka, ga gwaji mai sauƙi. Ya ware kunya goma ya sa musu sufa, ya bar goma na gefensu, ya kafa turke ya shaida wurin. Kada ya yanke hukunci da kakar bana. Baɗi ya shuka dawa a kan duka ashirin ɗin ba tare da ya ƙara sufa ba, ya dubi tsawon kara da girman zangarniya. Shekara ta uku ya sa gyaɗa, ya auna da kwano. Sa'an nan ya zo ya gaya wa jama'a abin da ya gani, ko ya yi daidai da maganata ko bai yi ba.

Yawan abin da za a zuba a eka ya danganta da irin ƙasar, jigawa ce ko laka ko jangargari, da abin da aka taɓa zuba mata a baya. Wannan sai an taka gonar. Kowa ya ke so, ya faɗa wa sarkin noma, a sa rana in zo mu duba tare, in ya kama a ɗebi ƙasar a kai awo.

Iyayena, gonakin nan gado muka same su, gado kuma za mu bar su. Mai saniya ya kan bar wa ɗansa garke, mai kuɗi ya bar gida. Manomi abin da zai bari shi ne ƙarfin ƙasarsa. Allah ya sa mu bar ta fiye da yadda muka same ta. Allah ya ba da ruwa mai amfani, ya kare mu daga tsutsa da fari, ya sa a sayar da auduga da daraja.  Wanda ke da tambaya, bismilla.